Na'urar Haɗa Sauti ta Dijital da Aiwatar da Waƙar Baka a Cikin Birnin Kano

Tsakure

Wannan maƙala ta yi nazarin yadda ake shimfiɗa kayan sauti da sarrafa su ta hanyar na'urar haɗa sauti ta dijital a tarurrukan da ake aiwatar da waƙar baka a cikin birnin Kano. Manufarta ita ce a nuna cewa mai haɗa sauti ya zama ɗaya daga cikin masu aiwatarwa, domin abin da ya ɗaga ko ya danne shi ne ke isa kunnen mai sauraro, kuma shi ne ke zama matanin da manazarci zai juya a takarda. An bi hanyar siffantawa, inda aka ɗora ƙa'idojin kimiyyar sauti a kan siffofin harshen Hausa da na kayan kiɗan gargajiya da kuma yanayin ginin tsohon birni. Maƙalar ta gano cewa karin sauti yana jure tacewar na'ura, amma tsawon wasali da bambancin wasu baƙaƙe su ne suka fi saurin salwanta idan aka yawaita amsa-kuwwa ko aka bar kiɗa ya rufe murya.

Fitilun Kalmomi: waƙar baka, aiwatarwa, miksa, karin sauti, tsawon wasali, birnin Kano

1.0 Gabatarwa

Masana waƙar baka sun daɗe da tabbatar da cewa waƙa ba ta cika sai a fagen aiwatarwa, inda jagora da 'yan amshi da makaɗa da masu sauraro suke haɗuwa. Ayyuka irin su *Jagoran Nazarin Waƙar Baka* na Sa'idu Muhammad Gusau (1993) da ƙamus ɗin kiɗan Hausa na David Ames da Anthony King (1971) sun fayyace waɗannan rukunoni da matsayin kowane. Sai dai a yau an sami ƙarin mutum guda a fagen, wanda ba ya rera komai, ba ya kaɗa komai, amma duk muryoyi da amon kayan kiɗa sai sun bi ta hannunsa kafin su kai ga jama'a. Wannan mutum shi ne mai haɗa sauti.

A cikin birnin Kano, da wuya a yi majalisin maulidi a watan Rabi'ul Awwal, ko taron biki, ko naɗin sarauta, ba a kafa lasifika ba. Haka abin yake a Maukibin Ƙadiriyya da ke tasowa daga Kabara a watan Rabi'us Sani. Mafi yawan abin da ɗalibai ke samu su yi nazari a kai a yanzu, ɗauka ce da aka yi daga irin waɗannan tarurruka. Ke nan idan sauti ya gurɓace a wurin haɗawa, nazarin da za a gina a kansa ya sami tawaya tun daga tushe.

2.0 Na'urar da Kalmomin da Suka Shafe Ta

Na'urar haɗa sauti, wadda masu sana'ar ke kira miksa, ita ce matattarar da ke karɓar sauti daga makirfo da kayan kiɗa, ta daidaita kowanne, sannan ta tura haɗaɗɗen sautin zuwa amfilifaya da lasifika. A tsohuwar na'ura, sauti yana tafiya ne a matsayin igiyar lantarki daga farko har ƙarshe. Ita kuwa ta dijital tana mayar da igiyar zuwa alƙaluma, galibi sau 48,000 a kowace daƙiƙa, ta yi duk gyare-gyarenta ta hanyar lissafi, kafin ta sake mayar da su igiyar lantarki. Kamfanin Yamaha ya fito da DMP7 mai kafofi takwas a 1987, sannan 02R a 1995. Fitowar Behringer X32 a 2012, mai kafofin makirfo 32 da hanyoyin fita 16, ta sauko da farashin irin wannan na'ura har ƙananan masu ba da hayar kayan sauti suka iya mallakarta.

Abubuwa uku suka bambanta ta da magabaciyarta. Na farko, kowace kafa tana da matatarta da linzaminta a ciki, ba sai an sayo wasu akwatuna daban ba. Na biyu, tana iya adana dukkan tsarin da aka yi, a dawo da shi da dannawa ɗaya. Na uku, ana iya sarrafa ta daga nesa da wayar hannu ko ƙaramar kwamfuta, don haka mai haɗa sauti zai iya zagaya cikin jama'a yana ji yana gyarawa.

Ga kalmomin da za a yi amfani da su a wannan maƙala. *Kafa* ita ce hanyar da sautin makirfo guda ke bi. *Gen* shi ne ƙarfin da ake ba sauti a bakin shigarsa na'ura. *Feda* ita ce maɓallin da ake turawa sama ko ƙasa don ƙayyade rabon kafa a cikin haɗin. *Matata* ita ce ɓangaren da ke rage ko ƙara wani zango na sauti, wato kaurinsa ko kaifinsa. *Linzami* shi ne ke tauye sauti idan ya zarce wani ƙarfi da aka ƙayyade. *Monita* ita ce lasifikar da ke fuskantar mawaƙi don ya ji kansa. *Ƙugi* shi ne ƙarar da ke tashi idan makirfo ya sake ɗaukar abin da lasifika ta fitar. Ana auna yawan kaɗawar sauti da Hz, ƙarfinsa kuma da desibel (dB). Kunnen matashi mai lafiya yana jin daga 20 Hz zuwa 20,000 Hz.

3.0 Muhallin Cikin Birni

Tarihin Kano ya danganta fara ginin ganuwa ga Sarki Gijimasu (1095–1134), aka kuma faɗaɗa ta a zamanin Muhammadu Rumfa (1463–1499). Unguwannin da ke cikinta, irin su Yakasai da Mandawari da Koki da Madabo, cunkushe suke, gida na jingine da gida, lunguna kuma matsattsu ne. Fagen taro a nan iri biyu ne: buɗaɗɗen fili kamar na Ƙofar Kudu, da kuma titi ko lungun da aka rufe aka shimfiɗa tabarmi. Kowane yana da matsalarsa.

A buɗaɗɗen fili, ƙarfin sautin lasifika yana raguwa da kimanin 6 dB duk lokacin da nisa ya ninka. Idan yana 110 dB a nisan mita ɗaya, zai koma 104 a mita biyu, 98 a mita huɗu, 92 a mita takwas, 86 a mita 16, sannan 80 a mita 32. Wanda ya nace sai na mita 32 ya ji 90 dB daga lasifika guda, dole ya ɗora wa na gabanta 120 dB, ƙarfin da ke cutar da kunne cikin ɗan lokaci kaɗan. A lungu kuwa, bango ne ke mayar da sauti. Bangon siminti mai santsi yana mayar da shi kusan yadda ya zo, yayin da bangon ƙasa mai kaushi ke ɗan warwatsa shi. Sauti yana tafiyar mita 343 a daƙiƙa idan zafin iska yana maki 20, ya kai kimanin mita 355 a maki 40. Bangon da ke nisan mita 17 zai dawo da sauti bayan kusan milisakan 100, kuma duk abin da ya dawo bayan milisakan 50 kunne yana fara jin sa a matsayin sauti na biyu. Daɗin daɗawa, busasshiyar iskar hunturu tana shanye kaifin sauti a dogon zango fiye da iska mai laima, ƙurarta kuma tana shiga cikin feda.

4.0 Matakan Shimfiɗa Kayan Sauti

4.1 Wutar Lantarki

Na'urar dijital kwamfuta ce. Idan wuta ta yanke, ko da na ƙiftawar ido ne, sai ta sake tashi daga farko, taro kuma ya yi tsit. Saboda haka ya kamata a jona ta da batirin ko-ta-kwana, musamman inda ake sauyawa tsakanin wutar gari da janareta. Wutar Nijeriya tana kaɗawa ne a 50 Hz, shi ya sa gurnanin da ake ji idan waya ta sami matsala yakan zauna a 50 da 100 da 150 Hz. Maganinsa shi ne amfani da wayar makirfo mai ƙafa uku, da ɗaukar wutar miksa da ta kayan fage daga tushe guda. Cire wayar ƙasa don kashe gurnani haɗari ne, domin makirfon ƙarfe da ke leɓen mawaƙi na iya ɗaukar wuta. Wajen kunnawa, miksa ake fara kunnawa, amfilifaya a ƙarshe. Wajen kashewa kuma a juya tsarin.

4.2 Jera Lasifika

Manyan lasifiku su kasance gaba da makirfo, suna fuskantar jama'a, a ɗaga su sama da kawunan mutane, a ɗan sunkuyar da su domin sautin ya sauka a kan masu sauraro maimakon ya doki bangon da ke gaba. Jikin mutane da tufafinsu suna shanye sauti, bango kuwa mayarwa yake yi. Idan wurin dogo ne, ya fi dacewa a ƙara lasifika ta biyu a tsakiya. A nan ne na'urar dijital ke nuna fifikonta, domin tana iya jinkirta sautin lasifika ta biyun. Misali, idan tana nisan mita 30 daga ta farko, a yanayin zafi sauti zai ɗauki kimanin milisakan 85 kafin ya iso gare ta. Sai a jinkirta ta da wannan adadi, a ƙara milisakan 10 zuwa 15 a kai. Ƙarin yana sa kunne ya ci gaba da ɗauka cewa sautin daga fage yake fitowa, kamar yadda binciken Helmut Haas na Jamus ya nuna a tsakiyar ƙarni na 20. Idan ba a yi jinkirin ba, wanda ke zaune a baya zai ji kowace gaɓa sau biyu.

4.3 Daidaita Gen

Wannan shi ne matakin da sauran suka dogara a kansa. Ma'aunin na'urar dijital yana da rufi a 0 dBFS, kuma sautin da ya taɓa rufin nan take yake fashewa. Ana umartar mawaƙi ya rera da irin ƙarfin da zai yi a tsakiyar taro, ana murɗa gen har ma'auni ya riƙa kaiwa kimanin -18 dBFS, ta yadda za a bar masa sarari idan shauƙi ya ɗebe shi ya ɗaga murya. Bayan haka ba a ƙara taɓa gen sai da larura; da feda ake aiki. Dalili shi ne gen yana shafar duk inda sautin kafar ke zuwa, har da monita da abin ɗauka.

4.4 Magance Ƙugi

Kafin jama'a su taru, ana ɗaga monita a hankali har ƙugi ya fara, a duba zangon da ya tashi a allon na'ura, a rage shi da siririyar tacewa, a maimaita sau uku ko huɗu. Amma tsarin jiki ya fi tacewa tasiri. Makirfo irin Shure SM58, wanda aka fara fitarwa a 1966, yana ɗaukar abin da ke gabansa ne, yana ƙin na bayansa, don haka bayansa ya kamata ya fuskanci monita. Ɗabi'ar dunƙule kan makirfo da tafin hannu tana toshe kafofin da ke ba shi wannan siffa, sai ya koma ɗauka ta kowace fuska. Haka kuma, idan mawaƙi ya rage nisan bakinsa da makirfo zuwa rabi, an sami ƙarin 6 dB ba tare da an taɓa na'ura ba.

5.0 Haɗa Sauti da Siffofin Harshen Hausa

5.1 Karin Sauti, Tsawon Wasali da Baƙaƙe

Hausa tana bambanta ma'ana da karin sauti, kamar *wuya* na jiki (sama-ƙasa) da *wuya* ta wahala (ƙasa-sama), ko *kuka* na hawaye (sama-sama) da *kuka* ta itace (sama-ƙasa). A waƙa, Ɗalhatu Muhammad ya nuna tun 1980 cewa akwai amsa-amon kari a ƙarshen layuka. Tushen muryar namiji yana tsakanin 85 zuwa 180 Hz, ta mace kuma 165 zuwa 255 Hz. Za a iya zaton cewa yanke ƙasan sauti zai ɓata kari, amma ba haka ba ne. Wayar tarho ta gargajiya tana wucewa da 300 zuwa 3,400 Hz ne kawai, duk da haka Bahaushe yana bambance *wuya* da *wuya* a cikinta, saboda kunne yana gano tushen murya daga rassanta na sama. Don haka babu laifi a yanke duk abin da ke ƙasa da 100 Hz a kafar murya don kawar da gurnani da bugun iska.

Inda haɗarin yake shi ne baƙaƙe da tsawon wasali. Abin da ke raba *baki* na magana da *baƙi* na zuwa, ko *sara* da *tsara*, ɗan gajeren sauti ne maras ƙarfi wanda mafi yawansa ke zaune sama da 2,000 Hz. Sauti mai kauri yana rufe mai kaifi fiye da yadda mai kaifi ke rufe mai kauri, saboda haka ganga ko bandiri da aka ɗaga fiye da kima suna haɗiye waɗannan baƙaƙe. Gyaran da ya dace shi ne a rage zangon 250 zuwa 400 Hz kaɗan a murya idan ta yi duhu, a kuma rage 2,000 zuwa 4,000 Hz a kayan kiɗa domin a buɗe wa murya hanya. Ragewa ta fi ƙarawa aminci, domin ƙari yana jawo ƙugi.

Tsawon wasali kuwa, kamar a *gari* na mazauni da *gari* na tuwo, lokaci ne ke bambanta shi, kuma a kansa nauyin gaɓa da awon waƙa suka dogara. Amsa-kuwwar da ake kira eko, wadda ake sha'awarta ƙwarai a majalisu, tana maimaita gaɓa bayan milisakan 200 zuwa 300, wato a daidai lokacin da gaɓa ta gaba ke fitowa. Sakamakon haka gajeren wasali yakan yi kama da dogo, iyakar kalma kuma ta ɓace. Idan aka haɗa da kuwwar da bangon lungu ya riga ya samar, matsalar ta ninku. Na'urar dijital tana ba da mafita, domin ana iya ware wa eko fedarsa, a ɗaga shi a ƙarshen ɗa inda jagora ke jan murya, a sauke shi a tsakiyar layi da lokacin jawabi.

5.2 Kayan Kiɗa

Kayan kiɗan Hausa ba ƙarfinsu ɗaya ba. Kakaki, wanda Tarihin Kano ya ce a zamanin Rumfa aka fara busa shi ga sarki, da algaita da tambari, an yi su ne don fili tun kafin a san lasifika. Sau da yawa ba su buƙatar ƙari, sai dai a sa musu makirfo daga ɗan nesa saboda ɗauka. Kuntigi irin na Ɗanmaraya Jos, da gurmi da kukuma, amonsu kaɗan ne, suna buƙatar makirfo a kusa.

Kalangu yana da hukunci na musamman. Makaɗi yana matse tsarkiyarsa a hammata ya sauya karin amo, da haka yake kwaikwayon magana ya fitar da take. Wannan hawa da sauka yana faruwa ne a wutsiyar amo, bayan bugu. Na'urar dijital tana da wata ƙofa a kowace kafa wadda ke rufewa da zarar sauti ya yi rauni. Tana da amfani ga gangunan Turawa, amma idan aka tsananta ta a kan kalangu ko kotso sai ta datse wutsiyar, take ya koma bugu maras magana. Tun da makaɗin kalangu ba ya tsayawa wuri ɗaya, ƙaramin makirfon da ake maƙalawa a jikin abin kiɗa ya fi dacewa da shi. Masu bandiri kuwa, da yake suna da yawa, makirfo biyu a samansu sun wadatar, a kiyaye cewa nisan da ke tsakanin makirfon biyu ya ninka nisan kowane da abin da yake ɗauka sau uku.

5.3 Jagora, 'Yan Amshi da Sanƙira

Tsarin waƙar baka da kansa yana nuna yadda ya kamata a jera feda. Jagora ne ke ɗauke da saƙo, don haka shi ake fara daidaitawa, a sa masa linzami mai sauƙi, kamar kashi uku bisa ɗaya, don kada ya ɓace idan ya yi ƙasa da murya. 'Yan amshi su zauna ƙasa da shi kaɗan, amma a inda suke yin ƙari, wato suna cika layin da jagora ya fara, dole a ji kalmominsu sarai, domin rabin ma'anar yana bakinsu. Sanƙira yana shigowa ne da ƙarfi kuma ba zato, saboda haka kafarsa ta fi buƙatar linzami. Ana tara kowane rukuni a ƙarƙashin feda guda, ta yadda yatsu huɗu za su riƙe jagora da amshi da kiɗa da eko. Idan ƙungiyoyi da yawa za su hau fage, a adana tsarin kowace tun lokacin gwaji.

6.0 Amfanin Na'urar ga Manazarci

Babbar ribar da fagen nazarin Hausa zai samu ita ce ɗaukar kowace kafa daban. X32, alal misali, tana iya tura kafofi 32 zuwa kwamfuta ta waya guda. Manazarcin da ya sami irin wannan ɗauka zai iya sauraron jagora shi kaɗai ya rubuta matani, ya saurari 'yan amshi ya tantance karɓi da ƙari, ya ware kalangu ya kwatanta karinsa da na kalmomin take. Sharaɗi shi ne a ɗauko sautin daga bayan gen kai tsaye, kafin ya bi ta matata da eko. Ƙungiyar ma'adanan sauti ta duniya, IASA, ta ba da shawarar kada a yi ƙasa da 48 kHz da bit 24 wajen adanawa, a kuma guji tsarin matse sauti irin MP3 ga kwafin asali. Yana da kyau a ƙara makirfo biyu masu fuskantar jama'a, domin guɗa da kabbara da amsawar taro ɓangare ne na aiwatarwa. Wajibi ne kuma a nemi izinin mawaƙi, domin Dokar Haƙƙin Mallaka ta 2022 ta kare haƙƙin mai aiwatarwa.

7.0 Lafiyar Ji da Haƙƙin Maƙwabta

A 2022 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da mizanin sauraro a wuraren taro, inda ta ƙayyade cewa matsakaicin ƙarfin sauti kada ya wuce 100 dB a cikin kowane minti 15. Nijeriya ma tana da ƙa'idojin taƙaita hayaniya na 2009 a ƙarƙashin hukumar NESREA. A cikin birni, inda yara ke zama dab da lasifika, tsofaffi da marasa lafiya kuma ke kwance a bayan bangon da aka jingina ta, wannan batu ba ƙarami ba ne. Rarraba ƙananan lasifiku masu jinkiri, kamar yadda aka bayyana a 4.2, yana sa kowa ya ji ba tare da an ƙure ƙarfi ba.

8.0 Kammalawa

Maƙalar ta bi matakan shimfiɗa kayan sauti daga wutar lantarki zuwa ɗauka, ta kuma danganta kowane mataki da yanayin cikin birnin Kano da siffofin harshen Hausa. An ga cewa karin sauti ba ya cikin haɗari sosai, amma baƙaƙe masu rauni da tsawon wasali da wutsiyar amon kalangu suna iya salwanta a hannun mai haɗa sautin da bai san abin da waƙar ke buƙata ba. Saboda haka ana ba da shawarar sassan nazarin Hausa su shigar da tushen ilimin sauti cikin darasin dabarun bincike, manazarta su riƙa rubuta yadda aka ɗauki waƙa da irin kayan da aka yi amfani da su a cikin bayanan share fage, sannan cibiyoyin nazarin harsuna su haɗa kai da masu sana'ar wajen daidaita kalmomin wannan fanni da Hausa.